Jawo Jarin Ƙasashen Waje: Abin da Zangunan Fatakwal, Anacha da Inugu Ke Nunawa

Tun daga shekarar 1995, lokacin da gwamnatin mulkin soja ta Janar Sani Abacha ta soke dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa, ba a yi wata gwamnati a Nijeriya da ba ta sa jawo masu zuba jari daga ƙasashen waje a sahun gaba na manufofinta ba. An kafa hukumomi, an yi wa dokoki kwaskwarima, shugabanni da gwamnoni kuma sun yi ta safa da marwa zuwa manyan biranen duniya suna tallar arzikin ƙasa. Duk da haka alƙaluman hukumar ciniki da raya ƙasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNCTAD, sun nuna cewa jarin kafa masana'antu da kamfanoni da ya shigo Nijeriya ya kai kimanin dala miliyan 8,900 a 2011, sa'an nan ya yi ta ja da baya, har rahoton hukumar na 2023 ya bayyana cewa a 2022 abin da masu jari suka kwashe ya zarce abin da suka kawo.

Mai son sanin dalilin haka ba lalle ne ya tsaya ga takardun ma'aikatu a Abuja ba. A biranen Fatakwal da Anacha da Inugu akwai wasu baƙi da suka shafe fiye da shekara ɗari suna zuba dukiyarsu a ƙasar da ba ta haihuwarsu ba, babu wata dokar soja da ta gayyace su, babu kuma rangwamen haraji da aka yi musu. Su ne fataken Arewa: masu shanu da awaki, masu albasa da tumatir da wake da doya, da masu canjin kuɗi. A cikinsu ma akwai 'yan Nijar da Chadi, waɗanda ko a ma'aunin doka masu jarin waje ne. Abin da ke samun waɗannan mutane a kan hanya da cikin kasuwa shi ne ma'auni mafi sauƙi na yadda wuri ke karɓar dukiyar baƙo, domin igiyar da ake gitta wa motar albasa ita ake gitta wa motar kamfani.

Biranen nan uku jarin baƙi ne ya raya su tun asali. A 1857 ne kamfanin Baturen nan Macgregor Laird ya kafa wurin ciniki a gaɓar Kwara a Anacha, Nufawa da Hausawa kuma suka riƙa gangarowa ta ruwa da hajarsu. Har yau babban masallacin garin yana kan titin da ake kira Titin Bida. An gano gawayin kwal a yankin Udi a 1909, dalilin da ya sa Turawa suka gina tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, suka ja layin dogo ya isa Inugu a 1916. Da layin ya haɗu da na Arewa, aka kuma gama gadar Makurɗi a 1932, sai shanu da gyaɗa suka samu hanyar gangarowa, unguwannin Hausawa kuma suka kafu a kusa da tasha da mahauta. A Inugu, fataken sun samu gindin zama har ta kai ga Malam Umaru Altine, mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garin farko na birnin lokacin da aka ɗaga matsayinsa a 1956, a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC. Matasan 'yan kasuwa da yawa a yau, na Arewa da na Gabas, ba su san wannan labari ba.

Abin lura a nan shi ne yadda fataken suka shirya wa kansu abin da masana ke kira kyakkyawan yanayin zuba jari. Baƙon da ya sauka da shanu a gariki ba ya sanin mahautan gari, ba ya jin harshensu, ba kuma zai iya zama wata guda yana bin bashi ba. Saboda haka sai ya sauka a hannun maigida. Maigida ne ke ba shi masauki da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillalan da suka san wane mahauci ne ke biya, wane ne kuma ke da taurin bashi. Idan aka sayar da sa a kan bashi, mai saye kuma ya gudu, maigida ne ke ɗaukar nauyin biya, domin in ya bari baƙonsa ya yi asara sau ɗaya, labari zai riga shi isa Potiskum da Maigatari da Illela, ba wanda zai sake sauka a gidansa. Idan rigima ta taso, akwai Sarkin Hausawa da dattawan kasuwa da za su yanke ta a yini ɗaya ko biyu. Ladan duk wannan hidima shi ne la'ada, wadda kowa ya san adadinta tun kafin a fara ciniki. Masanin nan Abner Cohen ya yi nazarin wannan tsari a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, kuma irinsa ne ya riƙe cinikin shanu a Gabas.

Idan aka duba da kyau, abubuwan da maigida ke bai wa baƙonsa su ne dai abubuwan da kamfanin Jamus ko na Indiya ke tambaya kafin ya aza tubali: ƙofa ɗaya da zai shiga, kuɗin da zai biya a san shi tun farko, wanda zai tsaya masa idan aka ci amanarsa, da shari'ar da ba ta ɗaukar shekaru. Hukumar bunƙasa zuba jari ta ƙasa, NIPC, ta buɗe cibiyar da ta tara wakilan hukumomi a zaure ɗaya a Abuja a 2006 domin wannan manufa. Sai dai akwai bambanci mai girma. Maigida yana biya daga aljihunsa idan baƙo ya yi asara, jami'in gwamnati kuwa albashinsa na nan ko masana'anta ta rayu ko ta mutu.

Ta fuskar doka, babu mai musun cewa an yi tafiya mai nisa. Dokar 1972 da ta 1977 sun keɓe wasu sana'o'i ga 'yan ƙasa kaɗai, suka kuma tilasta wa sauran kamfanonin baƙi sayar da kashi 40 ko 60 cikin 100 na hannun jarinsu. Dokar soja mai lamba 16 ta 1995 ta juya wannan manufa, ta ba baƙo damar mallakar kamfani ɗungurungum a kusan kowace sana'a, tare da alkawarin ba za a ƙwace masa dukiya ba. Mai lamba 17 kuma ta ba shi izinin fitar da ribarsa. A 2016 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta kafa majalisar sauƙaƙa harkokin kasuwanci, PEBEC, aka rage wahalar rajistar kamfani, aka sabunta dokar kamfanoni a 2020. Matsayin Nijeriya a jerin Bankin Duniya na ƙasashen da ke da sauƙin kasuwanci ya tashi daga na 169 zuwa na 131 cikin ƙasashe 190, kafin bankin ya daina fitar da wannan jeri a 2021. Amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne, birane biyu kaɗai ake aunawa a wancan lissafi, Legas da Kano. Fatakwal da Anacha da Inugu ba sa ciki. A wani rahoto dabam da bankin ya yi a kan jihohi a 2018 ne aka sa Inugu da Anambra da Abiya, tare da Kaduna da Legas, cikin jihohin da suka fi gyara ƙa'idojinsu.

Gyaran ƙa'ida a ofis daban, abin da direba ke gani a hanya daban. Tirelar da ta ɗauko shanu daga Yobe ko albasa daga Aliero, ta bi ta Lafiya da Makurɗi da Obollo-Afor ta faɗo mahaɗar Ninth Mile, tana ratsa jihohi da ƙananan hukumomi masu yawa, kusan kowace kuma tana da nata rasit: na amfanin gona, na duba lafiyar dabbobi, na tsabtace muhalli, na sauke kaya, na takardar manna wa gilashi. Ban da waɗannan akwai na matasan gari masu sanda da ƙusa, waɗanda ba su da rasit ko kaɗan. Kuɗin da ake biya ɓarna ce, amma jinkirin ya fi ta. Sa yana ramewa a mota, wani ya mutu; tumatir kuwa yini ɗaya na tsaiko ya isa ya mai da kwando ruwa. Falke ba ya iya ƙiyasta abin da tafiya za ta ci tun daga gida, wanda kuwa bai san kuɗin hanya ba bai san ribarsa ba.

Abin mamaki shi ne doka ta riga ta hana wannan tun tuni. Dokar soja mai lamba 21 ta 1998 ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati ke da ikon karɓa, ta kuma haramta wa kowa, har da hukumar haraji, kafa shinge a hanya domin karɓar haraji. Shekaru 23 bayan haka, a ƙarshen watan Fabrairun 2021, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu fataucin abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na kusan mako guda, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, kuma cire shingayen karɓar kuɗi na cikin manyan buƙatunta. Farashin tumatir da nama ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin Kudu, a Arewa kuma kayan gwari suka riƙa lalacewa a hannun manoma, har Gwamnan Kogi na lokacin, Yahaya Bello, ya shiga tsakani. Kwamitin gyaran haraji da Shugaba Bola Tinubu ya kafa a 2023 a ƙarƙashin Taiwo Oyedele ya bayyana cewa harajin da hukuma ta sani sun haura 60, waɗanda ake karɓa ba bisa ƙa'ida ba kuma sun ninka haka. Manajan kamfanin waje da ya karanta dokar 1998, sa'an nan ya bi motar kayansa daga tashar Onne zuwa Anacha, zai koma ya gaya wa iyayen gidansa abin da idonsa ya gani, gani kuwa ya kori ji.

Tarihin masana'antun yankin ya tabbatar da haka. Kamfanin tayoyi na Michelin na ƙasar Faransa ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, ma'aikata fiye da dubu suka rasa abin yi, bayan tsadar wutar lantarki ta haɗu da rage harajin shigo da tayoyi daga waje. Kamfanin ANAMMCO da ke Emene a Inugu, wanda gwamnati ta kafa da haɗin gwiwar Daimler-Benz na Jamus a 1977, ya cika hanyoyin ƙasar nan da manyan motoci da bas-bas a shekarun 1980 da 1990, daga baya Jamusawan suka janye hannunsu, aikin haɗa motoci ya durƙushe. A ɗaya gefen kuma akwai Indorama, wanda ya sayi kashi 75 cikin 100 na masana'antar sarrafa sinadaran man fetur ta Eleme a 2006, ya farfaɗo da ita, ya kuma ƙara masana'antar takin zamani da ta fara aiki a 2016, wadda buhunanta ke isa gonakin Arewa. Akwai kuma yankin ciniki maras haraji na mai da iskar gas da aka kafa a Onne a 1996, wanda ya tara kamfanonin waje masu yawa.

Sai dai ya kamata a lura da yadda waɗannan suka yi nasara. Indorama yana samar da wutarsa, ya ja bututun iskar gas nasa, yana da wurin lodin kayansa a tashar Onne. Yankin Onne kuwa katanga ce aka zagaye, aka ce dokokin haraji da na kwastan na yau da kullum su tsaya a bakin ƙofa. Wato wanda ya ci riba shi ne mai ƙarfin gina wa kansa ƙaramar ƙasa a cikin ƙasa. Matsakaicin mai jari, wanda zai zo da dala miliyan biyu ko uku ya kafa wurin sarrafa fata, ko mahauta ta zamani da ɗakin sanyi, ko injin busar da albasa, ba shi da wannan ƙarfi, alhali irinsa ne ke ɗaukar ma'aikata da yawa, shi ne kuma zai sayi hajar falke kai tsaye.

Batun tsaro ya fi kowane nauyi, kuma a nan babu ɓangaren da ya tsira. Kashe-kashen 1966 sun raba 'yan kasuwar Ibo da dukiyarsu a Kano da Kaduna da Jos, suka kuma kwashe Hausawa daga Gabas baki ɗaya. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, Ibo da yawa sun koma Fatakwal sun tarar an sa gidajensu cikin jerin dukiyar da aka gudu aka bari, rigimar da ba a manta da ita ba har yau. A watan Fabrairun 2006, ramuwar gayya kan tarzomar Maiduguri ta faɗa wa 'yan Arewa a Anacha, aka kashe mutane da yawa, dubbai suka tsallaka gada zuwa Asaba ko suka fake a barikin soja. A watan Oktoban 2020 aka yi wata a Oyigbo, gab da Fatakwal, inda 'yan Arewa ke da kasuwar doya da sauran kayan abinci. Daga watan Agustan 2021 kuma dokar zaman gida ta ranar Litinin da ƙungiyar IPOB ta fara ta hana babbar kasuwar Anacha da makarantu da bankuna buɗewa yini guda a kowane mako har tsawon shekaru, ko da yake Gwamna Peter Mbah ya yi shelar kawo ƙarshenta a Inugu a watan Yunin 2023. Fatake sukan dawo bayan kowace tarzoma, domin cinikinsu a mota yake, kuma maigida na nan. Mai masana'anta ba ya iya ɗaukar injinsa ya gudu, don haka yakan yi lissafinsa tun kafin ya zo. Ko manyan kamfanonin mai sun yi nasu lissafin: Eni ya sayar da reshensa na haƙar mai a tudu ga Oando a 2024, Shell kuma ya miƙa nasa ga gamayyar Renaissance a 2025, suka karkata ga aikin cikin teku.

Akwai kuma maganar fili. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, ba a sayarwa ko jinginarwa sai da amincewarsa. Yawancin kasuwannin dabbobi da na gwari na 'yan Arewa suna zaune ne a kan izinin wucin gadi. A zamanin Gwamna Nyesom Wike an rushe tsohuwar mahautar Trans-Amadi a Fatakwal. A 2023 gwamnatin Abiya ta ba da umarnin kewaye kasuwar shanu ta Lokpanta, wadda ke kan babbar hanyar Inugu zuwa Fatakwal, ta kuma ce a daina kwana a ciki. Gwamnatocin biyu sun kafa hujja da tsaro, kuma hujjar ba ta rasa tushe ba. Amma sakamakonta ga ciniki a fili yake: mutumin da bai tabbata zai kai baɗi a wuri ba, ba zai gina komai da ya wuce rumfar kwano ba, banki kuma ba ya karɓar rumfar kwano jingina. Shi ya sa ake juya miliyoyin naira kullum a gariki, amma wurin ba ya nuna alamar haka.

Masu canji na kewayen Hotel Presidential a Fatakwal da na titin Owerri a Inugu su ma shaida ne a kan wata matsalar. Duk lokacin da tazara ta yi faɗi tsakanin farashin dala na gwamnati da na kasuwa, layi kan yi tsawo a wurinsu, domin kamfanoni ba sa samun kuɗin musaya a banki. Alkawarin dokar 1995 na fitar da riba ya zama na fatar baki a shekarun da kamfanonin jiragen sama suka kasa kwashe kuɗinsu, har Emirates ya dakatar da zuwa Nijeriya a 2022, bai dawo ba sai a watan Oktoban 2024. Babban Banki ya haɗe farashin musaya a watan Yunin 2023, naira ta faɗi daga kimanin 460 zuwa fiye da 1,500 a kan dala a farkon 2024. Tazarar ta rufe, amma masu shigo da kayan aiki sun ji jiki, wasu kamfanoni kamar GlaxoSmithKline da Procter & Gamble kuma suka sanar da sauya salon harkarsu a ƙasar a 2023.

Ba a rasa abubuwan da suka gyaru ba. An buɗe gadar Kwara ta biyu a ranar 23 ga Mayu, 2023, ta rage cunkoson da tsohuwar gadar 1965 ke jawowa a bakin Anacha. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, Inugu kuma na cikin jihohin farko da suka karɓi wannan iko a 2024. A watan Fabrairun shekarar aka ƙaddamar da tashar wutar Geometric a Aba, ko da yake ta shafe kusan shekara 20 tsakanin yarjejeniya da kunna wuta, akasari saboda takaddamar wanda ke da ikon rarraba wuta a yankin. A watan Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji huɗu, waɗanda aka tsara su fara aiki a Janairun 2026, har da kafa ofishin sauraron koken masu biyan haraji. Hanyar gane ko sun yi tasiri ba ta da wuya: a tambayi direban da ya taso daga Potiskum sau nawa ya tsaya kafin ya isa Oyigbo, a sake tambayarsa bayan shekara guda.

Hanyoyin da za su rage dogaro da tirela su ne suka fi jan ƙafa. Tashar jiragen ruwa ta Anacha an gina ta a zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka gyara ta aka sake buɗewa a 2012, aka bayar da ita haya ga wani kamfani na shekara 30 a 2022. Aikin yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, wanda Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar a 2009, da tashar Baro da aka buɗe a 2019, an yi su ne domin kaya su riƙa hawa da sauka ta ruwa tsakanin Arewa da Gabas, amma 'yan kasuwar Anacha sun ci gaba da ɗauko mafi yawan kwantenoninsu ta mota daga Legas da Onne. Layin dogo na Fatakwal zuwa Maiduguri kuwa, an ƙaddamar da aikin farfaɗo da shi a watan Maris na 2021. Ya zuwa 2024, ɓangaren da jirgi ya koma bi shi ne kimanin kilomita 60 tsakanin Fatakwal da Aba.